Yadda zaka karanta sassaƙen ɓawon teku na mutanen Maya in ka ci karo dashi

In ka buɗe shafin wani gidan tarihi a intanet kaga wani ɗan abu fari ko ja-ja wanda bai wuce tafin hannu ba, an zana mutum a zaune a jikinsa, a ƙasa an rubuta na Maya ne, abinda ido zai fara yi shine ya ruga wajen zanen. Waye wannan, me ya riƙe, me yasa goshinsa ya kwanta haka. Toh ka dakata tukunna. Zanen nan sai daga baya, domin su masu abun basu ɗauki ɓawon a matsayin fili kawai da za'a yi zane a kai ba, shi kansa ɓawon magana ne, wanda ya tsallake shi kuwa rabin saƙon ya wuce shi.

Mutanen da ake magana dai sune Maya na kudancin Meziko da Gwatamala da Beliz da yammacin Honduras da El Salbado, kuma yawancin kayan da zaka gani masu kyau ɗin nan daga tsakanin shekara ta 250 zuwa 900 miladiyya suke, lokacin da birane irinsu Tikal da Palenque da Copan da Calakmul ke tashe. Jikokinsu suna nan har gobe miliyoyi suna magana da yarukansu, dan haka kar kace ɓatattun mutane ne.

Fara da tambayar wane irin ɓawo ne. Yawanci ɗayan uku ne, kuma gidajen tarihi na rubuta sunan a jikin bayanin, sai dai mutane basa karantawa.

Na farko kuma sarkinsu shine wanda zaka ga an rubuta Spondylus. Ƙumba ce mai ɓari biyu, bayanta duk ƙaya tsitsi-tsitsi, launinta ja ko ruwan lemo wani lokacin har da shunayya. Ba a tsintarta a bakin ruwa kamar sauran, manne take da duwatsu a ƙarƙashin teku sai an yi nutso an ɓamɓaro ta, akwai ta a tekun Karibiyan akwai ta a Pasifik, kuma ta Pasifik ɗin mai jan gaske tana kaiwa har Tikal da ke tsakiyar dajin Peten, tafiyar ɗaruruwan kilomita, a ƙasar da babu doki babu jaki babu amalanke, komai a bayan mutum ko a kwalekwale. Kaga tun kafin a taɓa ta da makami ta riga ta zama dukiya. Ga kuma abinda zaka duba da kyau: cikin Spondylus a asali fari ne, in kaga cikin yayi ja fes toh wani ne ya zauna ya kankare farin nan kaf har jan da ke ƙasa ya fito. Jan suke nema. A tsarinsu kowace kusurwa ta duniya da launinta, gabas ja, arewa fari, yamma baƙi, kudu rawaya, dan haka ja na tafiya da fitowar rana, yana kuma tafiya da jini, jini kuwa shine babbar hadayar sarakunansu, har nasu na jikinsu suke zubarwa.

Na biyu babbar katantanwar teku ce, wadda in ka riƙe ta sai da hannu biyu. Ita fara ce mai kauri, daga leɓenta mai faɗi ake yanko allunan da ake zane a kai, in an barta ɗungurungum an fasa mata tsini sai ta zama ƙahon busa, in an raba ta biyu a tsaye ta zama kurtun tawada na marubuta. Na ukun ƙananan nan ne masu santsi kamar tsawon yatsa da ake kira Oliva, su ake yanke wa kai a jera a ɗamara suna kaɗawa in mutum na tafiya ko rawa. Wasu an huda musu ido biyu da baki sun koma kamar ƙoƙon kan mutum, in kaga haka ba tsatsayi bane, da gangan aka yi.

Me yasa teku ke da wannan nauyin a wajensu, sai ka riƙe wannan dan duk sauran a kansa suke tsaye. A aƙidarsu ƙasa tana yawo ne a kan ruwa kamar bayan kunkuru ko kada, rana daga ruwa take fitowa da safe kuma cikin ruwa take faɗawa da yamma, kuma wajen da matattu ke zuwa a ƙarƙashi yake, wuri mai ruwa da duhu. Har a rubutunsu na kan duwatsu ɗaya daga cikin hanyoyin cewa sarki ya mutu shine ace ya shiga ruwa. Amma wannan ruwan ba na mutuwa kaɗai bane, daga can ruwan sama ke tasowa, daga can masara ke sake tsirowa. Toh abun da aka ciro daga ƙasan teku daga can ɗin ya zo kenan, shi yasa zaka ganshi a kabari kuma ka ganshi a jikin mace a wajen haihuwa, kar kace sun rikice, a wajensu ƙofa ɗaya ce ake shiga ake fita. Ko a zanen kasko in kaga wani layi an jera masa ƴan murɗaɗɗun ɓawo da ɗige-ɗige, mai zanen yana gaya maka abinda ke faruwa a ƙarƙashin ruwa ne.

Sai ka koma kan huji. Wannan matakin baida daɗi amma shi ke gaya maka inda abun ya zauna a jikin mutum. Huji biyu a sama, abin wuya ne da ke sauka a ƙirji. Ƙananan huji da yawa zagaye da baki, ɗinke shi aka yi a jikin tufa ko ɗamara ko abin kai. Zagayayye mai rami a tsakiya ko mai siffar fure, galibi na kunne ne kuma ɗan'uwansa na wani wajen in bai ɓata ba. In hoton na da kyau kayi zumin a bakin hujin, wanda aka daɗe ana sawa zaka ga zare ya cinye gefen sama yayi santsi. In babu huji sam kuma abun siriri ne ƙarami, mai yiwuwa manna shi aka yi a jikin wani abu, kamar idanun fuskar koren dutsen nan da aka rufe fuskar sarki Pakal da ita a Palenque, farin idon ɓawo ne, baƙin kuma dutsen aman wuta ne mai ƙyalli kamar gilas. Kuma in shafin ya saka hoton baya ka buɗe shi, mutane da yawa basa dannawa, alhali wani lokacin rubutun a baya yake.

Ka tuna fa duk aikin nan babu ƙarfe. Da dutsen ƙanƙara da dutsen aman wuta da yashi da ruwa da zare aka yanka, huji kuma da ƙashi ko kara ake murzawa da yashi har ya ɓula. Amma ka dubi layin zanen, baya karkarwa, yana tafiya yana kauri yana sirancewa kamar an ja shi da burushi, kuma gaskiya hannun da ya saba rubutu da burushi ne, fasalin yatsu da ido iri ɗaya ne da na zanen da ke jikin kofunansu. Jan da ya maƙale a cikin layukan gari ne aka goga dan zanen ya fito, sau tari sinaba ne wanda ake samun zaiba daga cikinsa, wani lokacin kuma jan dutse ne mai ƙarfe-ƙarfe. Ido kaɗai bazai raba maka su a hoto ba, dan haka in bayanin bai faɗa ba kace jan gari kawai ka wuce.

Yanzu ne zaka zo kan zanen, kuma tambayar farko itace mutum ne ko abin bauta. Mutum zaka ganshi da idon mutum, goshi a kwance, hanci dogo, sau da yawa zaune ya tanƙwashe ƙafa yana kallon gefe. Ababen bautar kuwa ana basu manyan idanu masu kusurwa ko masu murɗe a ciki, ko doguwar laɓɓa, ko haƙori guda da ya zaro waje.

Wanda zaka fi haɗuwa dashi tsoho ne tukuf, ba haƙora, fuska duk ta yamutse, ya leƙo da kai da kafaɗa daga cikin katantanwa, wani lokacin daga ƙoƙon kunkuru, da ɗan ƙyalle mai raga-raga a ka. Masana na ce masa God N a rubuce-rubucensu, wasu suce Pawahtun. Yakan zo su huɗu, kowanne a kusurwa ɗaya ta duniya suna tallafe da sama. Abin dariya wannan tsohon mai babban aiki a zanen kofuna sau tari sai ka ganshi cikin ƴan mata yana holewa, su Maya basu ga wani saɓani a nan ba. Na biyu Chaak ne mai ruwan sama, gatari a hannu wanda shine tsawa, kuma babbar alamarsa ɓarin Spondylus a kunne. In kaga fuska mai doguwar laɓɓa da ƙumba mai ƙaya ta rufe kunne, kusan ka gama gane shi.

Na ukun ya fi su wuyar sha'ani domin kaya ne ba fuska ba. Akwai wata shiga ta abin bautar masara: siket na raga da aka saƙa da koren dutse, a ƙugu kan wani kifi mai kama da shak, daga bakin kifin kuma ɓarin Spondylus na reto daidai gaban mutum. Sarauniyoyi na sa wannan shigar a jikin duwatsun da aka kafa musu, waɗanda masana ke kira Stela. Nemi hoton Stela 24 na birnin Naranjo, na shekara ta 702, zaka ga sarauniyar da ake kira Lady Six Sky tsaye a kan wani kamamme da wannan ɗamarar, haka ma Stela 34 na El Peru-Waka' mai hoton sarauniya K'abel wanda yanzu yake gidan tarihin Cleveland a Amurka. Ita K'abel ɗin labarinta ya ƙara armashi a 2012 da aka tono wani kabari a birnin nata, aka samu jan Spondylus a wajen ƙugun gawar, ga kuma wani ɗan tulu na farin dutse da aka sassaƙa shi da siffar katantanwa, wata tsohuwa ta fito da kai da hannu daga ciki, a jikinsa an rubuta sunanta. Wannan ne yasa masu haƙar suka ce ga dukkan alamu kabarinta ne. Kaga abun da aka sassaƙa a dutse ashe da gaske ake sawa, har a kai mutum kabari dashi. Kuma al'adar ta daɗe, domin Diego de Landa, limamin Kirista ɗan Sifen ɗin nan da ya ƙona littattafan Maya a garin Mani a 1562, shi da kansa ya rubuta cewa a Yucatan ƴan mata ƙanana na ɗaura zare a ƙugu da ɗan ɓawo yana rufe gabansu har ranar bikin da za'a cire musu, ya kuma ce jan dutsen ado na ɓawo na cikin abinda suke ciniki dashi kamar kuɗi tare da ƙwayar koko. Mutumin yayi ɓarna ba kaɗan ba amma dole ana komawa ga abinda ya rubuta.

In kana son gwada idonka akan abu guda, nemi ɗan allon ɓawon da ke Cleveland mai hoton mai shan taba. Wani babban mutum ne zaune, kan barewa a bisa kansa, siririyar taba a bakinsa hayaƙi na tashi, a gabansa ga katantanwa a ajiye wani maciji na fitowa daga cikinta, shi kuma ya miƙa hannu wajenta ko a jikinsa. Bi matakan da kanka. Allon daga katantanwa aka yanko shi, kuma katantanwa aka zana a kai, wato abun yana nuna kansa. Barewa da ƙahon katantanwa tare suke tafiya a zanen Maya domin mafarauta na busa shi. Maciji mai fitowa daga wani rami ko baki kuwa a fasaharsu hanya ce da kakanni da ababen bauta ke biyowa su bayyana ga mai rai. Toh ashe ba hoton wani attajiri bane yana hutawa da tabarsa bayan cin abinci, mutum ne a tsakiyar ganawa da wata duniyar. Iyakar abinda hoton ya baka kenan, kar ka ƙara masa gishiri kace ga abinda macijin ya faɗa masa.

Rubutu kuma ko baka iya karantawa ba akwai abinda zaka tsinta. Ana karanta shi gida biyu-biyu, hagu zuwa dama sannan a sauka ƙasa. Ɗigo ɗaya ɗaya ne, sanda biyar ce, in kaga sanda biyu da ɗigo uku a gefen wata alama 13 kenan kuma sau da yawa kwanan wata ne. Gajeren rubutu a jikin kayan ado yawanci ba addu'a bace ba kuma asiri ba, suna ne, cewa yake wannan ɗan kunnen wane ne, wannan ƙahon wane ne. Dogo kuwa na iya zama tarihi sosai. A Piedras Negras da ke bakin kogin Usumacinta, masu haƙa daga jami'ar Pennsylvania a shekarun 1930 sun samu wasu ƙananan allunan Spondylus a kabarin da suka sa wa lamba 5, rubutun jikinsu na bada labarin wata gimbiya K'atun Ajaw daga garin Namaan, an haife ta a 674 aka ɗaura mata aure da magajin sarautar birnin a 686, tana ƴar shekara 12. Takardar aure kenan a jikin ƙumba.

Wani abu da ake yawan yaɗawa shine wai katantanwa a wajen Maya sifili take nufi. Da ƙamshin gaskiya, a littafinsu da ke ajiye a birnin Dresden na Jamus akwai alama mai siffar ɓawo da ke tsayawa a gurbin sifili cikin lissafi. Amma wannan a jerin lambobi ne, a kan duwatsun da suka girme shi ma wasu alamomin daban ake sawa. Kar kaga abin wuya na ɓawo kace ma'anarsa sifili ko wofi, kayi nisa da hanya.

Daga nan sai ka nemi layin da ke faɗin inda aka samo shi, wanda a ganina ya fi kowane layi daraja a bayanin. Ɓawo ɗaya ma'anarsa na canzawa da wurin da aka ajiye shi. A Palenque a 1994 aka buɗe kabarin matar da ake kira Jar Sarauniya saboda sinaban da aka zuba mata har ƙasusuwanta suka rine, mafi yawan masana na ganin matar Pakal ce, a cikin akwatin dutsen nata aka samu ɓarin Spondylus da wata ƴar mitsitsiyar mace ta farar ƙasa mai tauri a kwance a cikinsa. Gawa a cikin jan akwati, ƴar tsana a cikin jan ɓawo, ko ba'a maka bayani ba kaga abinda ake nufi. A ƙarƙashin gine-gine da matakala kuma ana samun hadayar da aka binne lokacin keɓe ginin, ɓari biyu a rufe da koren dutse da jan gari a ciki, kusa dasu ƙayar wutsiyar wani faffaɗan kifin teku wadda da ita sarakuna ke huda jikinsu su zubar da jini. A zanen bangon Bonampak kuwa na wajen shekara ta 790 zaka ga manyan fada sun jeru da fararen mayafai Spondylus na reto a ƙirjinsu, nan kam maganar muƙami ce da arziki, kowa ya san waye wane. Dan haka ba kowane ɓawo zaka ɗora wa lahira ba.

Sai dai kash, da yawa daga cikin mafi kyawun, bayaninsu cewa kawai yake Meziko ko Gwatamala, ba sunan gari ba lambar kabari. Galibi irin waɗannan ta hannun ɓarayin kaburbura suka bi suka shiga kasuwa, wanda ya tono bai rubuta komai ba, ba'a san a ƙirjin wa aka samu ba, mace ko namiji, me ke kusa dashi. In ka haɗu da irinsu ka rage ƙarfin maganarka, ka tsaya kan abinda ido ya gani. Kuma ka kula da ruɗani biyu da ke yawo a hotunan intanet. Katantanwar da aka yanka a kwance ta fito da murɗe kamar tauraro, wadda ake ratayawa a ƙirjin abin bautar da ake kira Quetzalcoatl, an fi saninta da mutanen tsakiyar Meziko irinsu Aztek. Zagayayyun faifan ɓawo masu hoton gizo-gizo ko mutum mai fukafukai kuma na mutanen kwarin Mississippi ne a Amurka ta yanzu, irin na Spiro a Oklahoma, ba ruwansu da Maya duk da masu saka hoto na cakuɗa su.

Wajen motsa ido, gidan tarihin Metropolitan na New York da na Cleveland da Kimbell na Texas duk suna da hotuna masu kyau a shafukansu, akwai ma ƙahon katantanwa mai zane a Kimbell ɗin, sannan taskar hotunan kofunan Maya ta mai ɗaukar hoto Justin Kerr zata nuna maka yadda ake sa kayan a jiki da yadda ake busa ƙahon. Wanda Allah ya kai shi can kuma, babban gidan tarihin ɗan adam na birnin Meziko da na birnin Gwatamala su ke da kayan da aka tono bisa ƙa'ida. In wani ya tallata maka na gaske a intanet kar ka saya, ko dai jabu ne ko na sata, dokar Meziko ta 1972 ta mayar da irin waɗannan kayan mallakar ƙasa, Gwatamala ma ta hana fitar dasu, kuma ko sabon kwafi ne da aka yi da babbar katantanwar Karibiyan, ita ma tun 1992 tana cikin halittun da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta sa wa ido wajen tsallaka iyaka, sai ka tambayi takarda kafin ka zuba a jaka.